Abin da Na Auna a Layin Gareji

Layin Tsohon Gareji,
Kafanchan.
Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Kawuna Azariya,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Kasham da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon ƙugun nan da tuƙin Legas ya ƙara maka. Mu nan da sauƙi. Mama tana shan maganinta, sai dai hawan jinin bai sauka yadda ake so ba. Ranar Alhamis da na auna mata ya kai ɗari da hamsin da takwas bisa casa'in da shida, ta ce wai abin awon ne ba ya son ta. Ruwa ya fara ɗaukewa, sau biyu kawai aka yi a makon jiya. An cire masarar bayan gida, buhu ɗaya da rabi, ba ta kai ta bara ba. Ni kuma har yanzu ina jiran takardar bautar ƙasa, suna bai fito ba. Duk da haka na gode Allah, na kuma gode maka, don ban manta wanda ya tsaya mini har na gama karatun nan ba.

Kawu, za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ka san gidanmu, babu lungun da mutum zai tsaya ya yi magana Mama ba ta ji ba, kuma akwai abin da ke cikin takardar nan da ba na so ta ji tukuna. Ban da haka, ni baki ba ya yi mini daidai; in ina magana sai in tsallake abu, in kuwa na rubuta ina iya komawa in duba. Misbahu ɗan gidan Alhaji Lawal, maƙwabcinmu mai sayen citta, zai bi motar kaya zuwa Legas gobe Talata, shi zai kawo maka da hannunsa. Ya ce zai dawo nan gida ranar Alhamis talatin ga wata in hanya ta yi kyau. Ka riƙe wannan ranar, za ka ga dalili a ƙasa. Maganar a kan motarka ce, da mutanen da ka ba su ita.

Ka tuna watan Maris na bara, lokacin da Mama ta kira ka a kan Zipora, matar nan da 'yan bindiga suka kashe mijinta a ƙauyensu can ta wajen Kauru, wadda ta zo sujada majami'armu da 'ya'ya uku da tsohon surukinta, Baba Meshak, bayan an sallame su daga makarantar firamaren da aka fara ajiye su. Ka ce bas ɗinka da ta shekara shida a kan duwatsu a ƙofar tsohon gareji, tunda ta ƙi tafiya, to ta yi aikin ɗaki. Muka cire kujerun baya, Zipora ta rufe tagogi da buhunan taki, ta raba ciki biyu da zane, tsoho a gaba wajen direba, ita da yara a baya. Ba a yi wata biyu ba sauran matattun motocin da makanikai suka bari lokacin da suka koma hanyar Kagoro duk suka samu masu zama. Mota bakwai ne har da taka: bas huɗu, a-kori-kura biyu da aka yi wa rumfar tampol, da ƙaramar mota ɗaya. Da na ƙirga a watan Agusta mutum talatin da ɗaya ne a ciki, goma sha bakwai yara ne.

Ba zan ɓoye maka ba, zaman bai yi wa unguwa daɗi ba, kuma ba duk ƙorafin ne ƙarya ba. Hanya ta matse, in mutum ya kwanta ciwo mota ba ta iya shiga layin ta ɗauke shi, sai keke mai ƙafa uku. A watan Janairu garwashi ya kama soson kujera a wata bas, Allah ya taimaka da rana ne aka kashe da ruwan wanki, amma wata yarinya ta ƙone a hannu, ga kuma mai sayar da fetur a galan taku ashirin daga wurin. Akwai kuma wani mutum da ba gudu ne ya kawo shi ba, ya shige ƙaramar motar nan yana sayar wa samari ƙwaya, har 'yan mata suka daina bi ta layin in an tashi makaranta. Ni ma na daina, ina zagayawa ta bayan masallaci. Sai dai wanda ya tona shi har aka kore shi Baba Meshak ne. Tsohon nan ƙafa ba ta kai shi nesa, wuni yake a kujerar direba, ƙofa a buɗe, hannu a kan sitiyari, yana gaishe da duk wanda ya wuce, wanda bai sani ba kuwa sai ya tambaye shi gidan wa ya zo. Yara suna ce masa direba, su tambaye shi yau ina muka nufa, ya ce musu Kauru, amma kwandasta ya gudu da kuɗin mai. Ni kuwa tun da ya ji abin da na karanta a makaranta, Duba-gari yake kirana. In na doso sai ya ɗaga murya wai mata su ɓoye tukwane ga hukuma nan tafe.

A tsakiyar Agusta mai unguwa Yakubu ya aiko a kira ni. Ya ce ƙorafi ya yi yawa, wasu na cewa ɓarayi a motocin suke kwana, wasu na cewa su ke leƙa gidaje su kai labari, shi kuma ba ya son yanke hukunci a kan ji-ta-ji-ta. Tunda unguwa ta samu mai digiri a kan lafiyar muhalli, in zagaya in rubuto masa gaskiyar abin da zaman mutanen nan ya jawo wa layin. Kawu, na ji daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Aikin farko ke nan da wani ya ba ni da sunan karatuna. Na shiga gida goma sha huɗun da ke layin ɗaya bayan ɗaya, na ari littafin 'yan sintiri inda suke rubuta duk ƙarar da aka kai musu, na zauna na ware. A wata goma sha takwas kafin zuwan mutanen nan, an kai ƙarar sata sau ashirin da uku. A wata goma sha takwas bayan zuwansu, sau tara. Cikin taran an kama mutum biyu, dukansu 'ya'yan masu gida ne, ka san iyayensu, ba sai na rubuta suna ba. Ko mutum ɗaya daga cikin motocin ba a taɓa kamawa da kayan wani ba. Matan da ke wuni a kasuwa sun faɗa mini da bakinsu cewa yanzu suna barin shanya da kaji a waje su tafi, don ido ba ya ƙarewa a layi.

Ina cikin wannan aikin ne amai da gudawa ya shigo. Daga ashirin da tara ga Agusta zuwa goma ga Satumba mutum goma sha ɗaya suka kwanta, bakwai daga gidaje, huɗu daga motoci. Goma sun tashi. Joanna, 'yar Dinah mai ɗinki ta gidan kusurwa, ba ta tashi ba. Shekararta huɗu. Duk goma sha ɗayan ruwan rijiyar layi suke sha. Ka san mutanen motoci ba su da bayan gida. Da farko gidaje sun riƙa barin su su shiga, har da namu, amma mutum talatin ba wasa ba ne, aka fara rufe ƙofa, sai mazansu suka haƙa rami ɗaya a bayan katangar gareji suka kewaye da zana. Bayan mun binne Joanna na ari tef ɗin wani magini na auna daga bakin ramin zuwa bakin rijiya. Mita tara da santimita arba'in. A makaranta an koya mana kada tazarar ta gaza mita talatin. Na auna sau uku, na rubuta a shafi na ƙarshe, na ja layi a ƙarƙashi.

An yi taron ranar Asabar ashirin da bakwai ga Satumba bayan la'asar, a gindin mangwaron ƙofar mai unguwa. Masu gida a kan benci, mutanen motoci a tsaye can gefe, Baba Meshak kaɗai aka ba kujera saboda ƙafarsa. Na karanta maganar sata. Shugaban 'yan sintiri ya ce ai littafinsu ne, ba zai musa rubutun hannunsa ba. Misbahu ya miƙe ya ce shi dai tun da tsohon nan ya zauna a bakin layi, ko buhun citta ɗaya nasa bai yi ƙafa ba, in da adalci goro ya kamata unguwa ta riƙa kai wa direba, ba sammaci ba. Aka yi dariya. Na ga fuskar Zipora ta saki, na ga dattawa suna gyaɗa kai. Da a nan na zauna, Kawu, da yau ba wannan wasiƙar nake rubuta maka ba. Mai unguwa har ya fara naɗe zancen, sai ya juyo ya tambaye ni ko shi ke nan abin da ke cikin takardar. Yanzu na gane so yake in ce shi ke nan a tashi. Mama tana bayana, ta ja mini bakin zane. Amma akwai shafi ɗaya da ya rage a hannuna, kuma ni ban iya cewa babu alhali akwai ba. Na karanta. Na ce mita tara da arba'in, na ce talatin ya kamata. Na kuma ce ba a gwada ruwan ba, don haka babu mai iya tabbatar da inda cutar ta fito, maganin abin kuwa shi ne a rufe ramin a haƙa wani nesa, a zuba wa rijiya magani. Wannan rabin na biyu ba na jin ko mutum biyar sun ji shi.

Dinah ba ta yi ihu ba. Ta tashi a hankali ta je gaban Zipora, ta tambaye ta ko ta tuna wanda ya ɗinka wa 'ya'yanta kayan Kirsimeti kyauta, ta ce ashe tukuicin da za a ba ta ke nan. Daga nan ta zube tana kiran sunan yarinyar, mata suka riƙe ta. Bayan wannan babu sauran wanda ya tuna da ashirin da uku ko tara. Waɗanda ɗazu suke gyaɗa kai su ne suka riƙa cewa gara sata da mutuwa, kaza in ta ɓace ana sayen wata. Kafin magariba an yanke hukunci: duk matacciyar motar da ke layin a ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su yanka kafin ƙarshen Oktoba, sai wadda mai ita ya tsaya mata. Ka fi ni sanin al'adar unguwarmu, baƙo ba ya zama sai wani ɗan unguwa ya tsaya masa a gaban mai unguwa, ya ce wannan nawa ne, duk abin da ya yi ni za a tambaya. To ita aka ɗora wa motoci. Mai mota ya zo da kansa, ko ya aiko da takarda da sa hannunsa, cewa motar da duk wanda ya shiga cikinta a wuyansa suke.

Shida daga cikin bakwai na magadan mai gareji ne, kuma ba su tsaya wa kowa ba. 'Yan gwangwan suka zo ranar Litinin shida ga Oktoba da wutar yankan ƙarfe, kwana huɗu suka yi. Na tsaya na ga an yanke rufin motar da wata mata ta haihu a ciki a watan Yuni, labulenta na rataye a jikin ƙarfen har aka ɗora a kura. Mutum ashirin da shida suka watse. Iyali biyu na san suna kwana a barandar shaguna ta wajen tasha, ɗaya ya tafi Gidan Waya wurin dangi, sauran ban sani ba, kuma na tambaya. Motarka kaɗai ta rage, don mai unguwa ya ce ba a taɓa kayan wanda ba ya gari sai wa'adi ya cika. Mama ta ce ita ba za ta kira ka ba, don tun ranar taro wasu matan Zumunta na majami'armu suka daina amsa mata gaisuwa, wai daga ƙofarmu masifar ta fara. Ni kuma kunya ta riƙe ni, kullum ina cewa gobe.

Yanzu ga abin da ba na so Mama ta ji. Ranar Laraba takwas ga wata, ina tsaye a bakin rijiya ina kallon masu yankan, sai ruwan wanke-wanken da aka zubar daga ƙofarmu ya gangaro ya wuce ta gefen ƙafata. Na bi shi da ido. Kawu, ƙasar layinmu daga gidaje take gangarowa zuwa rijiya, daga rijiya ta gangara zuwa gareji. Ramin mutanen motoci a ƙasa da rijiya yake. Shekara huɗu ina karatun nan, gangare shi ne abu na farko da ake cewa a duba, ni kuwa ban duba ba. An ce in duba mutanen motoci, sai na duba su su kaɗai. Na koma na sake aron tef. Cikin gida goma sha huɗu, shida salgarsu ba ta kai mita talatin daga rijiya ba, duk shidan kuma a sama da ita suke. Wadda ta fi kusa tamu ce, wadda kai da marigayi Baba kuka haƙa shekarar da na shiga firamare. Mita takwas da santimita goma. Ita ma sau uku na auna. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ban taɓa zaton da ni ake ba. Kada ka ɗauke ni ba daidai ba: har yau ba a gwada ruwan ba, ban ce salgarmu ce ta kashe Joanna ba. Abin da nake cewa shi ne, in har tazara ce hujja, to ta fi kama mu da yadda ta kama su.

Na rubuta wannan awon, na kai wa mai unguwa takardar a ranar, lokacin saura mota biyu ba a yanka ba. Ya karanta ya ninke ya miƙo mini. Ya ce gidansa ma yana cikin shidan, ya gani da idonsa, amma in na karanta wannan a gaban Dinah da mutanen da ya sha wuya kafin ya kwantar, to in fara nema wa uwata inda za ta koma. Ya ce ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, a bar unguwa ta huce, bayan Kirsimeti a san yadda za a yi da salgogin a hankali. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a sa wa rijiyar marfi da kwaɗo a ce gyara ake yi. Yanzu ruwan 'yan garuwa muke saye. Na dawo gida na cusa takardar a ƙarƙashin takardun makarantata. Washegari aka yanka motocin biyu ina jin ƙarar daga ɗaki. Ni da na kasa yin shiru a kan shafi ɗaya don wai gaskiya ce, yau kwana goma sha biyu ina shiru a kan wannan. Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. Ashe gaskiyar tawa ma ta san inda ke da taushi.

Mutum ɗaya na faɗa wa bayan mai unguwa, ita ce Zipora. Na same ta tana tsince wake a bakin mota, na durƙusa na faɗa mata komai, na ce in ta ce in tara mutane in karanta, zan tara. Ta ajiye waken. Sai ta ce in tashi, ƙasa da sanyi. Ta ce kada in faɗa wa kowa, don mu muna da gidan da za a jefa, su kuwa an riga an gama da nasu tun a can. Wai Mama ce ta fara ba ta zane a garin nan, ba za ta saka mata da duwatsu a kan kwanon rufinta ba. Abu ɗaya ne ta ce ya fi ƙarfinta: a bakin mutane ita ce ta kashe yarinya, in ta je sayen ruwa mata janye bokitinsu suke yi, babbar 'yarta kuma ta daina zuwa makaranta saboda sunan da yara suka sa mata. Na roƙe ta ta jira in rubuta maka. Ta ce Kawunku ya yi nasa, kada a ɗora wa mutumin kirki abin da zai hana shi shigowa unguwar ubansa da kai a sama.

Ranar Talata goma sha huɗu ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ta share motar, ta kulle, ta kawo wa Mama makullin kwaɗo da kwanon da muka taɓa ara mata. Ƙauye suka koma. Abin da na sani game da wurin kaɗan ne, ga shi: maza wajen goma sun koma da damina, suna noma da rana su hau dutse su kwana, babu ɗakin da ke da rufi sai ma'ajiyar majami'a, kuma an sake shiga ƙauyen da ke kusa da su a watan Yuli. Zipora ta san duk wannan. Ta ce a can dai in an kore ta ta san ba don an ɗauke ta mai kisa ba ne. Acaɓa biyu suka ɗauka zuwa tasha. Da ake ɗora Baba Meshak, ya juyo ya ce Duba-gari, ya bar mini amanar mota, in lura kada a sace tayoyi. Shi kaɗai ya yi dariya. Mama ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai azahar.

Tun ranar na kira wayar Zipora sau arba'in da uku. Sau arba'in da ɗaya ba ta shiga ba, wanda ba abin mamaki ba ne, ta taɓa faɗa mini sai an hau wani dutse ake samun sabis. Sau biyu ta shiga, ranar Juma'a da yamma, ba a ɗauka ba. Ban san abin da wannan ke nufi ba, kuma ina ƙoƙarin kada in ba shi ma'anar da ba ni da hujjarta. A nan kuwa layi ya buɗe, mota tana shiga har ƙofar gidan Dinah. Samari sun tattara ragowar kujeru sun yi majalisa a filin gareji, babu mai tambayar su gidan wa suka zo. A kwana goman da suka wuce an kai wa 'yan sintiri ƙara uku: akuya, baturin babur, da shanyar gida guda. Na san kwana goma ba ya isa a yanke hukunci, don haka ban ce komai ba. Amma mutane sun riga sun yanke nasu, wai waɗanda aka kora ne ke dawowa ramuwa.

To Kawu, ga roƙona. Wa'adi zai cika ranar Juma'a talatin da ɗaya ga wata, 'yan gwangwan har sun zo sun zagaya motarka sun ƙwanƙwasa jikinta. Ina roƙon ka rubuta wa mai unguwa layi biyu, ka ce ka tsaya wa motarka da duk wanda ya shiga cikinta, ka sa hannu, ka ba Misbahu. Ba zan rufe maka abin da ke ciki ba. Mota ce babu kowa, in wani ɗan iska ya fasa kwaɗo ya shiga ya yi ɓarna, sunanka za a kira. Wasu da kuka taso tare ba za su zo gaishe ka ba in ka zo gida. Mama ma za ta yi fushi da ni da kai. Kuma yana yiwuwa ka ɗauki duk wannan a banza, babu wanda zai dawo. Ita kuma ɗaya takardar, ta awon salgogin gidaje, tun da Baba ya rasu kai ne babba a gidan nan, ka faɗa mini in karanta ko in ci gaba da ɓoyewa. Duk wanda ka zaɓa zan yi, ko da yake na duba duka biyun ban ga wanda zai mayar da mota shida ko ya tayar da Joanna ba. Salgar dai ko ta yaya sai an rufe ta.

Na san motar ba ta da taya, ba ta da inji, rufinta yana yoyo ta wajen ƙofar baya. Amma in aka sake shiga ƙauyen nan, Allah kuma ya sa Zipora ta tsira da yaran, hanya ɗaya ta sani a duniya, ita ce ta Layin Gareji. Ba na so ta iso da goyo a baya ta tarar da duwatsu huɗu da tabon baƙin mai a ƙasa.

Ka gaishe mini da Anti Kasham, ka ce mata accar da ta ce a aiko tana hannun Misbahu, mudu huɗu. Ka gaishe da Samson da Zigwai, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Mama tana gaishe ku, ita a saninta wasiƙar gaisuwa ce kawai nake rubutawa. Alhaji Lawal ya ce in gaishe ka da kyau. Da na sa maka gaisuwar Zipora da Baba Meshak, don na san da suna nan da sun aiko, amma ba ni da tabbacin inda suke yau, kuma na daina rubuta abin da ban duba duka ba. Ka sa su a addu'a. Ni na gwada, bakina ya yi nauyi.

Ubangiji ya kiyaye ka.

'Yarka,
Tamar.